Muryar Uwani a Ƙofar Yaya Delu

Uwani ta ƙarar da ƙuruciyarta tana sa wa finafinan katun na Japan murya da Hausa. Da tsufa ya zo, kamfanin da take yi wa aiki ya ce zai adana muryarta a na'ura, wai girmamawa ce. Yanzu muryar ce ke sanar da tashin jirgin ƙasa, ita ke tallan sabulu, kuma kowane ɓarawo yana da ita a wayarsa.

Da hantsi ta ɗauki kwanon dambu ta nufi gidan yayarta Delu, wadda idonta ya daɗe da mutuwa. Ta yi sallama a bakin ƙofa.

"Yaya, ni ce."

"Haka waccan ma ta ce ranar Laraba," in ji Delu daga ciki. "Na buɗe, aka kore mini awaki."

"Haba Yaya, dambun zai huce."

"In ke ce, faɗi sunan ɗanki na fari."

Uwani ta yi shiru. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba.

"Uhm," in ji Delu. "Ita ma shirun ta yi. Har kunya sun koya mata."

Uwani ta gyara maƙogwaro, ta aro wata murya mai kaushi wadda ba ta taɓa yi wa kamfani ba, ta sake sallama.

Sai ta ji an zare sakata.

"Shigo, baiwar Allah," in ji Delu. "Ba ki ga wata maƙaryaciya a ƙofar nan ba?"