Furar Makanike

"Ga ni nan!" Malam Arzika ya buga sanda a gaban hoton wani saurayi da ke tsaye kan injin matsar gyaɗa.

A tsohuwar masana'antar man gyaɗa da ta mutu a gefen Dutse aka baje hotunan ma'aikatanta na dā. Nan take jama'a suka kewaye shi, ya shiga ba su labarin yadda 'yan mata ke rububinsa a zamanin.

"Ita ma wannan," ya nuna matarsa Bilki, "da ƙwaryar fura ta fara aiko min."

Bilki ta gyara tabarau, ta matso.

"Malam, wannan ai Talha ne, makanike. Kai ga ka can bakin ƙofa, kana gadi."

"Ke ina kika san Talha?"

"Shi na aika wa furar, ka tare ta a ƙofa ka shanye. Da ka zo gidanmu godiya, kunya ta hana ni magana."

Malam Arzika ya daɗe yana shafa gemu, sannan dariya ta ƙwace masa.

"Shekara talatin ina tinƙaho da farin jini, ashe kwaɗayi ne ya yi min aure!"