Mamacin da Ya Tashi a Kashi na Biyu

Ka ji misalin wata mai tura finafinai a Gusau. Matan unguwa kan kawo mata wayoyinsu ta zuba musu shiri mai dogon zango, da haka take rufa wa kanta asiri. Sai ta samo wani shiri mai farin jini, amma sunayen fayilolin kowanne da irin nasa shirmen: wannan da sunan shafin da aka sauke shi, wancan da ɗigo-ɗigo kamar kashin ɓera. Waya kuwa ba ta da hankali, sai ta jera kashi na goma kafin na biyu. Maƙwabciyarta ta yi kukan mutuwar jarumin har da majina, can sai ga shi a kashi na gaba yana neman aure. Ta zo a fusace ta ce, "Hajiya, in haka za a yi ta yi, mu dai mun koma shagon bakin titi."

Abin ya yi wa mai tura finafinan ciwo ƙwarai. Mijinta ya ce ta bi sunayen fayilolin ɗaya bayan ɗaya ta gyara, ta ce kafin ta gama ai an yi sallama da ita. Ta zauna gaban kwamfutarta ta zuba wa sunayen ido, yini guda ba ta tura wa kowa komai ba, har ana cewa kwamfutar ta cinye ta. A ƙarshe ta gano cewa duk hargitsin suna, lambar zango na bin harafin S, ta kashi na bin E. Sai ta rubuta ƙa'ida guda, irin wadda masu kwamfuta ke kira regex: a tsamo lambobin nan biyu, a sa sifili gaban wadda take ita kaɗai, a watsar da sauran tarkacen. Ta fara gwadawa a kan kwafi, ƙa'idar ta cafko lambar ingancin hoto a matsayin kashi, ta gyara ta sake gwadawa. Da ta tabbatar, ta danna sau ɗaya, fayilolin nan kaf suka jeru tsaf kamar sahun salla. Ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a ɗaki.

Ranar Juma'a maƙwabciyar ta dawo da wayoyin 'yan uwanta a cikin leda, tana cewa yanzu jarumin ya mutu a kan lokacinsa. Ai dama Hausawa sun faɗa, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.