Mai Kashe wa Auta Aron Wuri

Zanen ginin ya kai hawa na sama, saura rufi, sai kwamfutar Auta ta ƙame. Ta jefo saƙon cewa wurin aiki ya ƙare, manhajar ta rufe kanta, wahalar wunin ta bi ruwa.

Auta zanen gine-gine ta karanta. Wani kamfani a gari mai nisa ya ce ta turo zane kafin ƙarshen mako, in ya yi musu su ɗauke ta aiki har da ɗakin kwana. Duk gidan an ɗora rai a kai. Inna ma, da ɓarin jikinta ya shanye tun bara, ba ta karɓar abinci sai daga hannun Auta, kullum addu'ar samun aikin take yi mata.

Aka kira Yaya, wan Auta, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ya duba ya yi dariya. Ya ce ai ram kamar teburin tela ne, in ya cika sai kwamfuta ta ari wuri a faifan SSD ta jibge kaya. Wasu masu tsoron kada faifan ya tsufa da wuri sukan kashe aron, to a nan ma a kashe yake. Ya kunna shi Auta na tsaye a kansa, ya ce faifan yanzu ba ya mutuwa don wannan ɗan rubutun.

Washegari kwamfutar ta sake ƙamewa. Ya zo ya duba, aron wuri a kashe.

Abin da ya ɓata lamarin, Yaya ya riga ya yi suna wajen tsokana, sai aka ce shi ne ya kashe. Mutumin da ya zuba wa Kawu gishiri a shayi, ya ɗinke wa ƙaninsa ƙafar wando ranar da zai je zance, wa zai yarda da shi? Baba ya kira shi falo.

"Furfura ta fara fito maka, amma har yau ba ka san inda wasa ke tsayawa ba?"

Yaya ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe. Kawu ya ce ai ranar gishirin ma haka ya rantse.

Sai ya shiga farauta. Ya zargi Kawu da ke kallon ƙwallo a kwamfutar, Kawu ya ce shi ko linzamin kwamfutar ya kama, kibiyar guduwa take ta bar shi. Ya zargi manhajar da ke sabunta kanta, ya toshe ta. Ya kwance bayan kwamfutar don ya ƙara ram, ya tarar a manne yake da allon, ba a ƙarawa. Ya sa kalmar sirri, daga shi sai Auta. Ya ce ta zo shago ta yi aikin a tasa, ta ce to wa zai juya Inna?

Ita kam ko hawaye ba ta yi ba.

"Yaya, bar wahalar da kanka. Abin da ba rabonka ba, ko yana bakinka sai ya faɗi."

Wannan haƙurin nata ya fi faɗan Baba cin ransa.

Ranar ƙarshe ya rufe shago ya zo ya tsare kwamfutar kamar kaza a kan ƙwai. Zane ya miƙe, rufi ya hau, saura a haɗa a tura. Can Auta ta ce maganin Inna ya ƙare, ya taimaka ya sayo. Ya fita da gudu ya dawo yana haki, ya tarar allo ya ƙame. Kafin a sake tayar da aikin, lokacin kamfani ya wuce.

Baba ya daina amsa gaisuwarsa. Yaya ya rame, har abokan tsokanarsa suka fara tausaya masa.

Bayan 'yan kwanaki ya zo ɗaukar kwamfutar, ya ce ko aljani ne a ciki sai ya fito da shi. Ƙofar ɗakin Inna a ɗan buɗe take, ya leƙa. Auta na zaune a gefen gado, hannunta ɗaya riƙe da na Inna, kwamfutar a cinyarta, za ta fara zana wa maƙwabci shago, aikin da ba zai raba ta da Inna ba.

Kafin ta buɗe manhajar, ta shiga inda ake saita aron wuri, da hannu ɗaya, ba tare da ta ko lalubo hanya ba, ta kunna shi, ta mayar da shi yadda yake kafin ta fara kashewa.