Gaurakar da ke Bayan Ƙwarya

Ajiye wayar nan tukuna, Malam Ɗanlami. Ka ce hoton tambarin shagonka ya fito ras a idonka, don me ba za a buga shi da faɗin bango ba. Bari in ba ka wani misali, in ka ji sai ka yanke wa kanka hukunci.

An yi wata mata da ta buɗe shagon fura da nono a bakin titi. Mahaifiyarta Yalwa, Allah ya jiƙanta, mai zanen ƙwarya ce, irin waɗanda ke sa wuƙa a garwashi ta yi ja, su ƙona zane a bayan ƙwarya. Abin da ta bar wa 'yar tata ƙwarya ɗaya ce tak, da gauraka a jikinta, ta ɗaga ƙafa guda, tukkunta a baje kamar tana sauraren hadari daga nesa. Matar tana ji da ƙwaryar nan har ba ta yarda a dama komai a cikinta, sai ta kife ta can bayan kwanuka, ta manta gara ba ta san gado ba. Ranar da ta ɗauko ta, ƙwarya ta ruguje mata a hannu. Ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta tuna akwai hotonta a waya. Ta ce to, tunda ƙwarya ta tafi, gauraka za ta koma saman ƙofar shago kowa ya gan ta. Ta shiga wani shafin zane na intanet, ta ɗora hoton, ta ja kusurwarsa don ya yi girma. Tana ja, gauraka tana narkewa. Wuya ya zama hayaƙi, tukku ya watse ya koma dabbare-dabbare, domin shi hoto ɗigo ne aka jera, iya abin da waya ta kama, in ka buɗa su babu komai a tsakaninsu. Nan tsoro ya kama ta sosai, ta ga ɗan abin da ya rage mata na uwarta shi ma zai salwanta a hannunta.

A shafin akwai wani alƙalami na zanen da suke kira bekta. Shi ba ɗigo yake ajiyewa ba, hanya yake riƙewa: daga nan layi ya tashi, a nan ya lanƙwasa, can ya tsaya. Sai ta shimfiɗa hoton a ƙasa ta fara bin sawunsa, tana kafa ƙulli tana lanƙwasa layi. Ta faro daga bakin gaurakar kamar yadda kowa zai yi, amma abin da ya fito ko agwagwa ba za ta yarda danginta ne ba. Ga fiffike ɗaya kuma inuwa ta cinye shi a hoton. Wata rana bayan azahar ciniki ya lafa, fanka tana juyi a hankali, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ga ta 'yar ƙarama a tsakar gidansu, uwar tana zaune a gindin darbejiya, siririn hayaƙi yana tashi daga bakin wuƙa, ƙanshin ƙunar ƙwarya ya cika wuri. A nan ta lura da abin da ta sha gani ba ta taɓa kula ba. Wuƙar ba ta motsi. Ƙwaryar ce ke juyawa a kan cinya, kuma daga ƙafa ake farawa, layi ya haura har tukku ba a ɗaga hannu ba. Ta farka ta goge duk abin da ta yi, ta kafa ƙullin farko a ƙafa, tana juya hoton tana bin sa. Da ta iso inda inuwa ta cinye, hannunta bai tsaya ba, lanƙwasar da ta taho da ita ce ta nuna mata inda fiffike ya nufa. Ta gama ta ja kusurwa, gauraka ta yi ta girma, ko gashi ɗaya bai dushe ba. Ta ƙanƙance ta, ta zauna daram a kan murfin robar fura. Ranar da aka ɗaga allon gaurakar a saman ƙofar shago, wata tsohuwa 'yar garinsu ta zo wucewa, ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, wannan ai hannun Yalwa ne. Ashe tana nan da rai?" Sai matar ta jawo mata kujera ta dama mata fura.

To ka ji, Malam Ɗanlami. Shi hoton, kamannin gaurakar kawai ya riƙe, shi ya sa da aka nemi ya yi girma ya ba da kunya. Layin kuwa tafiyar hannun mai ita ya riƙe. Kai ma je ka zauna ka bi naka da layi, bango ba ya gudu. Hausawa sun riga mu faɗa: kama da wane ba ta wane.