Layin Dogo a Tsakar Gidanmu

Murfin butar shayi ne ya hau kaɗawa a kan gawayi bayan la'asar. Baba ya ce, "Kun ji? Haka jirgin ƙasa yake tashi a tashar Kano."

Mu a Tanout ko hotonsa ba mu taɓa gani ba. Shekarar gero bai yi ba, washegari Baba zai tafi dako a tashar. Ya ɗauki kara ya zana mana layin dogo a rairayi, daga gindin rumbu har ƙofar gida.

Tun da ya tafi, ko wasiƙarsa ba mu gani ba. Allah ya yafe mini, har yau in shayi ya tafasa raina ɓaci yake.

Ranar da ya yi zanen, ni murna nake ta yi. Ƙanwata ce ta ja mini zane ta ce, "Yaya, bai zana na dawowa ba."