Rancen Gidan Dogo

Malam Aƙilu, akawun ƙungiyar manoman auduga a Malumfashi, ya baje takarda ya ce wa'adin rancen gini kashi uku ne: shekara uku, biyar ko goma. Dogo, tsohon manomin da ya zo neman rancen, ya ce goma, idonsa a ƙasa.

Akawu ya sake bayani a tsanake. Fam ɗari da ashirin za a bayar, a yi ɗaki biyu da rufin kwano a garin Ƙarfi, inda Dogo yake zaune. In aka ja shekara goma, ruwan da zai hau kai ya isa sayen bijimi, ga kuɗin azara, ga yaɓe duk shekara. Sannan ƙungiya ba ta son ba mai furfura dogon wa'adi.

Tsoho ya kafe, in ba goma ba a bar rancen. Kuma ba zai biya bayan kasuwar auduga kamar kowa ba, wata-wata zai biya kamar ɗan albashi. A riƙa zuwa gida ana karɓa, wai ƙafarsa ba ta kai shi Malumfashi. Ƙafar nan kuwa ita ta kawo shi ranar.

Mako uku yana jiran amsar manya, hankalinsa a tashe. Tun rasuwar matarsa Hansai shi kaɗai ke cin tuwo, kuma ba mai yi masa sallama sai maƙwabcinsa Mudi, shi ma in yana son aron gatari. Kaɗaici ya ci shi, ya rasa wanda zai faɗa wa. Mudi kan tsokane shi, wai ɗaki ɗaya nasa, ɗayan kuma na awaki ne?

Aka amince. Dogo ya dangwala yatsa, magina suka kama aiki.

Ƙarshen wata sai ga Aƙilu a kan keke. Ya tuɓe takalmi, ya zauna can bakin tabarma, ya sha furar da aka tura masa, ya ƙirga fam ɗaya da sule biyar, ya rubuta rasit. Gaisuwa kawai ta haɗa su, ita ma Dogo bango yake kallo. Da keken ya tafi, tsoho ya tsaya a ƙofar gida har ya daina hango shi. Ya lissafa a ransa, saura zuwa ɗari da goma sha tara.

Mudi ya kasa haƙuri. “Haba Dogo, ni na taya ka binne kuɗin audugar kaka uku a tulu. Sun isa gidan nan har da ƙofar ƙarfe. Me ya kai ka cin bashi?”

Dogo ya naɗe tabarmar a hankali. “Sun isa, Mudi. Amma da wane baki zan ce wa akawun nan ya zo in gan shi? Ko sunansa kunya ba ta barina in kira, ɗana ne na fari.”