Waƙa Ta Bakwai

"Wannan ba kundin waƙoƙi ba ne, ƙarar injin niƙa ce," in ji mai sharhin, yana matso da bakinsa kusa da makirufo.

Ni ke kula da sauti a gidan rediyon. Shekara goma ina kallon mutumin nan yana cin mutuncin mawaƙa kai tsaye. Yau abin ya faɗo kan ɗan ƙanwarsa, matashin da ya fitar da kundin rap ɗinsa na farko.

"Musamman waƙa ta bakwai! Wanda ya rubuta ta ko tallan sabulu kada a ba shi." Ya karanto baiti biyu yana ƙyalƙyala dariya.

Matashin, wanda ke zaune kusa da shi a ɗakin shirin, ya ɗago kai. "Kawu, ka duba bayan faifan kuwa?"

"Ba ni da lokacin karanta kwali."

"Ita kaɗai ce ba ni na rubuta ba. Umma ta ba ni tsohon littafin waƙoƙinka, ta ce in rera ɗaya don ka ji daɗi. Ga sunanka nan a jiki."

Kawun ya yi mini alama in kashe makirufo.

Na ƙara masa sauti.